Tambayoyin Masu Karatu: Idan Abokin Hamayya Ya Tsoma Baki a Tayin Birij

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tsohon malamin makaranta ne a Zariya, kuma tun da na yi ritaya nake koyon wasan kati na birij a intanet tare da wani abokin karatuna da ke zaune a Ingila. Kwanakin baya ya buɗe tayi da 1♦, sai wanda ke damana ya tsoma baki da 1♠. Ga abin da ke hannuna: ♠ 7 3, ♥ K J 8 4, ♦ 9 5 2, ♣ Q J 6 3. Niyyata in ce 1♥, amma tun da an sha gabana sai na ce 2♥. Abokina ya kai mu 4♥, muka gaza da zagaye 2, ya yi ta mita. Da irin wannan hannu ya sake zuwa mini sai na yi shiru, suka ɗauki kwangilar 2♠ suka cika ta, alhali muna da zuciya 8 tsakaninmu, nan ma ya ce laifina ne. Abin ya zame mini gaba kura baya sayaki. Mene ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Abokinka yana da gaskiya sau biyun, ko da yake da ya rage mita ya gaya maka tayin da ya kamata, da ya fi amfani. Kafin in shiga bayani, ina tunatar da sababbin masu bin wannan shafi cewa a nan muna kiran ♠ mashi, ♥ zuciya, ♦ lu'ulu'u, ♣ kuma ganye, kowannensu dangi ne. Mashi da zuciya su ne manyan dangi, kuma NT shi ne wasan da babu dangin yanka a cikinsa, wato dangin da katinsa ke cinye na sauran dangi. Zagaye shi ne kati 4 da 'yan wasa huɗu suka jefa ɗaya bayan ɗaya, lambar da ke jikin tayi kuma ita ce matakinsa, alkawari ne na cin zagaye 6 da ƙarin wannan lamba, tayin ƙarshe kuma shi ne kwangila. Lissafin maki shi ne wanda aka saba da shi, wato as 4, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, kuma tsarin da nake magana a kai shi ne na Amurka wanda ya fi yawa a intanet, inda buɗewa da babban dangi ke nufin kati 5 zuwa sama.

Hannun naka yana da maki 7 da zuciya 4. Da ba a tsoma baki ba, 1♥ ya faɗi gaskiyarsa gaba ɗaya, domin wannan tayi ba ya alkawarin komai fiye da kati 4 da maki 6. Amma 2♥ bayan 1♠ magana ce daban: tana shaida wa abokinka cewa kana da zuciya 5 ko fiye, da maki 10 zuwa sama, kuma tana tilasta masa ya sake magana, ba ya da ikon cewa fas, wato ya wuce bai taya komai ba. A ce yana riƙe da ♠ A 6 2, ♥ Q 10 5 2, ♦ A K 8 4, ♣ 10 5. Shi a lissafinsa kuna da zuciya 9 da aƙalla maki 23, ga ganye gajere a hannunsa, saboda haka hawansa zuwa 4♥ ba ganganci ba ne. Idan aka haɗa wannan hannu da naka kuwa, za a ga cewa dole a rasa mashi 1, as ɗin zuciya, lu'ulu'u 1 da ganye 2, wato zagaye 5 sun tafi, 8 suka rage. Ka sayar masa da kayan da ba ka da su, shi kuma ya yi ciniki a kansu. Shirun da ka yi karo na biyu ma bai faɗi gaskiya ba, domin hannuwan nan biyu suna cika 2♥ cikin sauƙi, maki 110 na sakamakon wasa ke nan da kuka bar wa wasu.

Abin da ya kamata ka ce shi ne ninki. Na san wannan zai ba ka mamaki, domin abin da littafin dokoki ya ce shi ne ninki yana ƙara tarar wanda ya kasa cika kwangilarsa, kuma mashi 2 ƙanana ba za su kayar da kowa ba. Haka aka yi ta fahimtarsa shekaru da dama bayan Harold Vanderbilt ya tsara lissafin wasan a 1925: idan abokinka ya buɗe, aka tsoma baki, ka ninka, ma'anarsa ita ce a bar maka su ka hukunta su. A 1957 ne wasu ƙwararrun Amurka biyu, Alvin Roth da Tobias Stone, suka fito da wata ma'ana dabam, suka laƙaba mata suna Sputnik saboda tauraron ɗan'adam da Tarayyar Sobiyat ta harba a watan Oktoba na wannan shekarar, kuma har yau Faransawa da wannan suna suke kiransa. Hujjarsu ta lissafi ce kawai. Hannun da zai iya hukunta tayin mataki na 1 ba kasafai yake zuwa ba, amma hannu irin naka, mai matsakaicin ƙarfi da babban dangi mai kati 4 wanda aka toshe wa hanya, yana zuwa kusan duk zaman da aka yi. Saboda haka suka karɓe kalmar daga hannun da ba ya yawan zuwa suka ba wanda ke zuwa kullum. Mu a nan za mu kira shi ninkin nema, domin neman dangin da ba a ambata ba yake yi.

Ma'anarsa tana ɗan sauyawa gwargwadon abin da aka riga aka taya, kuma a nan ne ya kamata kai da abokinka ku zauna ku daidaita. Idan ya buɗe da ganye ko lu'ulu'u aka tsoma baki da 1♠, ninkinka yana nufin zuciya 4 da maki 6 zuwa sama, ko kuma zuciya 5 ko 6 a hannun da bai kai ƙarfin cewa 2♥ ba. Idan da 1♥ aka tsoma baki, to hanyar mashi a buɗe take, sai masu wasa suka yi dabara suka raba ta biyu: ninki yana nufin mashi 4 cif, 1♠ kuma mashi 5 ko fiye. Wannan rabon riba ce tsantsa, domin da abokin hamayyar bai yi magana ba, abokinka ba zai san ko mashinka 4 ne ko 5 ba sai a zagaye na gaba na tayi, ga shi yanzu ya sani nan take, har zai iya mara maka baya da kati 3. Idan kuwa 1♣ aka buɗe aka tsoma baki da 1♦, ninki yana nufin zuciya 4 da mashi 4 a tare, wanda ke da guda ɗaya daga cikinsu sai ya taya shi kai tsaye ko da kati 4 ne. Idan manyan dangin biyu duk an ambace su, kamar 1♥ da 1♠, ninki yana nuna ganye da lu'ulu'u.

Batun ƙarfi kuma ya danganta ne da matakin da aka tsoma baki. Maki 6 sun isa idan ana mataki na 1, a mataki na 2 a nemi 8, a mataki na 3 kuma kimanin 10, kuma babu iyaka ta sama, domin hannu mai maki 15 da zuciya 4 ma da ninki zai fara, daga baya ya nuna ƙarfinsa. Tsarin Amurka da aka rubuta don wasan baƙi da baƙi ya tsayar da ninkin nema a kan 2♠, duk ninkin da ya wuce nan na hukunci ne, amma ƙwararru da yawa suna kai shi 3♠ ko sama da haka. A ganina, ga masu koyo, 2♠ ya wadatar har sai kun saba. Abin da ba ya yiwuwa shi ne kowannenku ya riƙe tasa iyakar a zuci, domin ranar da ɗaya ya ninka 3♦ don nema ɗayan ya ɗauka hukunci ne, ranar za a yi asarar da za a daɗe ana tunawa. Shi kuma mai buɗewa, idan ya ji ninkin, sai ya amsa kamar ka ce masa 1♥: da zuciya 4 da maki 12 zuwa 15 ya ce 2♥, da 16 zuwa 18 ya ce 3♥, da abin da ya fi haka ya tafi 4♥, idan kuma ba ya da zuciya 4 sai ya koma danginsa, ko ya nuna ganye, ko ya ce 1NT idan yana da tsaro a mashi, wato katin da zai hana su cinye dangin a jere.

Mai hankali zai tambaya, to ina makomar hannun da a da yake hukunta mai tsoma baki? Bai ɓace ba, hanya kawai ya sake. A ce abokinka ya buɗe da 1♦, aka ce 1♠, kana riƙe da ♠ K J 9 7 4, ♥ A 6, ♦ 8 3, ♣ K 10 5 2. Maki 11 ne, ga mashi 5 masu kyau zaune a bayan wanda ya taya mashi. A nan sai ka ce fas, ka yi kwanton ɓauna. Idan na hagunka ma ya ce fas, magana ta koma wurin abokinka, kuma tun da kai kana da mashi 5, mai tsoma baki yana da 5 ko fiye, akwai kyakkyawan zato cewa abokinka gajere ne a mashi. Sharaɗin wannan tsari shi ne mai buɗewa, muddin mashinsa bai wuce 2 ba, kada ya bar tayin ya mutu, ya ninka ko da ƙarfinsa bai wuce na buɗewa ba. Ninkinsa na nema ne, amma kai sai ka ce fas ka mayar da shi na hukunci, faɗuwa ta zo daidai da zama. Gazawa da zagaye 2 a ƙarƙashin ninki tararta 300 ce, da zagaye 3 kuma 500, idan kuwa suna cikin yanayin haɗari, wato yanayin da tara da lada duka suke ƙaruwa, sai ta zama 500 da 800. Kwatanta wannan da 3NT da za ku iya cikawa, wadda ke kawo 400, ko 600 idan ku ne ke cikin yanayin haɗari, ka ga cewa kwanton ɓauna ya fi daɗi idan su ne cikin haɗari ku ba ku ciki, yana kuma rage armashi idan akasin haka ne.

Akwai wani abu na ladabin wasa da ke tattare da wannan fas ɗin, wanda masu koyo ba sa lura da shi. Idan ka daɗe kana nazari kafin ka ce fas, ka riga ka gaya wa abokinka cewa akwai wani abu a hannunka, kuma doka ta 16 ta dokokin wasan gasa ta hana shi amfani da labarin da ya samu ta hanyar jinkiri ko yanayin fuska. Ka yanke shawara tun kafin layi ya zo kanka, ka ce fas da saurin da ka saba. A intanet ana iya fakewa da matsalar sabis, amma a teburin gasa alƙali ake kira.

Ban so in rufe amsarka ba tare da taɓa batun mara baya ba, domin a ganina ya fi ninkin nema yawan zuwa, kuma kuskure a cikinsa ya fi tsada. Idan abokinka ya buɗe da 1♥ aka ce 1♠, kana da zuciya 3 ko fiye, kada ka tsaya neman wani dangi, ka mara masa baya nan take, domin na hagunka yana iya tsalle zuwa 3♠ ko 4♠, abokinka ya rasa abin da zai dogara da shi wajen yanke shawara. Da maki 6 zuwa 9 ka ce 2♥ kamar yadda aka saba. Da maki 10 zuwa sama, tsoma bakin ya ba ka wani tayi da a da ba ka da shi, wato ka taya danginsu: da ♠ 8 4, ♥ K 9 6, ♦ A Q 7 2, ♣ Q 8 5 3 sai ka ce 2♠, ba don kana son wasa da mashi ba, sai don ka ce kana da zuciya da ƙarfin gayyatar abokinka zuwa 4♥ ko fiye. Da zarar 2♠ ta ɗauki wannan nauyi, 3♥ ta sami 'yanci, sai masu wasan zamani suka mayar da ita ta hannu mai rauni da kati 4, irin ♠ 8, ♥ Q 9 6 3, ♦ J 10 7 5 2, ♣ 8 6 4. Maki 3 ne kacal, amma kuna da zuciya 9, kuma manufarka ita ce ka cinye musu filin magana yadda na hagunka zai yi canke tsakanin 3♠ da 4♠. Tushen wannan dabara bincike ne da wani Bafaranshe, Jean-René Vernes, ya wallafa a wata mujallar birij ta Amurka a 1969, wanda Larry Cohen ya yaɗa a 1992, kuma abin da masu wasa suka ɗauka daga ciki shi ne idan ana gwagwarmayar tayi, ku hau har zuwa yawan zagayen da ya yi daidai da yawan katunan yankanku: kati 8 mataki na 2, kati 9 mataki na 3, kati 10 mataki na 4. Ba ƙa'ida ce da ba ta kuskure ba, musamman idan kuna cikin yanayin haɗari kuma hannun ba ya da gajeren dangi, kuma tsohon tsari har yanzu yana ɗaukar 3♥ a matsayin gayyata mai maki 10 zuwa 12, saboda haka kada ka fara amfani da ita sai abokinka ya amince.

Saura NT. Bayan tsoma baki, 1NT ba ta zama wurin fakewar duk hannun da ya rasa abin faɗa ba kamar yadda take idan ba a yi magana ba. Tana nufin maki 7 ko 8 zuwa 10 tare da tsaro a danginsu, 2NT tana nufin 11 zuwa 12, 3NT kuma 13 zuwa 15. Tsaro shi ne as, ko sarki da kati 1, ko sarauniya da kati 2, ko jak da kati 3. Zamanka a bayan mai tsoma baki yana taimaka maka a nan: idan kai ne mai kwangila, na hagunka ne zai fara jefa kati, ya bi ta hannun da aka shimfiɗa, mai tsoma baki ya jefa na uku, kai ka jefa na ƙarshe, saboda haka sarki da ƙaramin kati ɗaya tabbas zai ci zagaye, alhali da a hannun abokinka yake, ana iya ratsa shi tun jifan farko. Idan kuwa ba ka da tsaro, ba ka da abin mara baya, ba ka da dangin nema, to ka ce fas ko da kana da maki 7 ko 8. Dalilin da ya sa ake matsa wa mai maki 6 ya amsa buɗewa shi ne kada tayi ya mutu a kan abokinsa yana riƙe da maki 19, kuma mai tsoma bakin ya riga ya ɗauke maka wannan nauyi, tun da dole magana ta sake komawa wurin abokinka.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni daga Yamai nake rubutowa, na koyi birij lokacin da nake karatu a Faransa. Mijina ya buɗe da 1♠, aka tsoma baki da 1NT, ina da maki 10 da zuciya 4, na ninka ina nufin Sputnik, shi kuma ya ce fas. Mun ci su, amma har yanzu muna gardama a kan ko ya fahimce ni ne ko sa'a ya taka.

Amsa: Hajiya, a wannan karon maigida ne ke da gaskiya, ke kuma kin yi tayin da ya dace bisa dalilin da bai dace ba. Ninkin nema yana aiki ne idan da dangi aka tsoma baki. Idan da 1NT ne, wadda ke nuna maki 15 zuwa 18 da tsaro a dangin da aka buɗe, ninki na hukunci ne, kuma daga maki 9 ko 10 ake yin sa. Lissafin a fili yake: katunan duka maki 40 ne, maigida yana da aƙalla 12, ke kina da 10, mai tsoma baki yana da kimanin 16, abin da ya rage wa abokinsa bai wuce 2 ba. Mutumin zai nemi zagaye 7 daga hannunsa shi kaɗai, ba ya da hanyar shiga hannun da aka shimfiɗa ko sau ɗaya, dole ya riƙa jefowa daga ƙarƙashin manyan katunansa, kuma ke ce za ki fara jifa, da mashin maigida a mafi yawan lokuta. Abin da ya biyo bayan wannan shi ne tun da duk hannu mai ƙarfi ninki yake yi, sabon dangi a mataki na 2 ya zama na mai rauni: 2♥ a nan tana nufin zuciya 6, ko 5 masu kyau, da ƙasa da maki 9, ba ta tilasta wa kowa, kuma ana sa ran mai buɗewa ya ce fas.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Kano. Idan abokina ya buɗe da 1NT aka tsoma baki da 2♥, ina da lu'ulu'u 6, yaya zai gane ko 3♦ ɗina na mai ƙarfi ne ko na mai rauni?

Amsa: Ɗalibi, ba zai gane ba sai kun yi yarjejeniya, kuma wadda ta fi shahara ita ce ake kira Lebensohl. A cikinta ana sadaukar da ma'anar 2NT ta asali, ta zama umarni ga mai buɗewa ya ce 3♣ ko mene ne a hannunsa. Idan kana da rauni da lu'ulu'u 6 sai ka ce 2NT, ya ce 3♣, ka gyara zuwa 3♦, shi kuma ya yi shiru. Idan ganye ne danginka sai ka bar shi a 3♣. Idan ka ce 3♦ kai tsaye ba ka bi ta 2NT ba, to kana da ƙarfin kai wa cikakkiyar kwangila, irin 3NT ko 5♦ mai babban lada, kuma dole ya ci gaba da magana. Dangin da ake iya tayawa a mataki na 2, kamar 2♠ a misalinka, na tsayawa ne kawai. Akwai ƙarin rassa da suka shafi nuna tsaro a zuciya kafin a sauka a 3NT, amma shawarata ku yi wata guda kuna amfani da wannan kashin farko kaɗai, ku kuma rubuta a takardar yarjejeniyarku ko ninkin 2♥ a wannan wuri na nema ne ko na hukunci, domin tsohon tsari hukunci yake nufi da shi, ƙwararrun yanzu da yawa kuma nema.